Babban hutu ya ƙarato, ga maganar aiki a Kumasi: in shuka ko in jira?

Mushen Faransanci:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zancen, ku yi haƙuri da ni, don in ban warware muku yadda abin yake ba, shawarar ma ba za ta hau daidai ba.

Ni malamin kwantaragi ne, Faransanci nake koyarwa a wani kwaleji nan cikin Maraɗi, bana shekarata 7 ke nan da riƙe alli. Ina haya a unguwar Zariya da maiɗakina da yara biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin bai cika biyu ba. Inna tana ƙauyenmu ta wajen Safo tare da ƙanena da iyalinsa.

Kowace shekara da an shiga watan Mayu, zafi ya kai inda ya kai, yara na gyangyaɗi a aji tun ƙarfe 11, ni hankalina ya riga ya koma kan babban hutu. Wata uku ne cur, Yuli da Agusta da Satumba, kuma a wurinmu ba na kwanciya ba ne, a cikinsa ake neman abin da za a ci shekara. Bana tun watan Maris na zauna na rubuta komai a bayan kayen da nake shirya darasi, har da kuɗin kowane abu.

Gaba da komai gona. Muna da ta gado, hekta biyu da ɗan ɗoriya, jigawa ce, hatsi muke sa mata da wake a tsakani, gefe guda kuma gujiya. Bara dami 58 muka ɗaure, ba wani taki sai na dabbobi da ƙanena ya kai da amalanke. Bana na yi niyyar in sa buhu biyu na takin zamani in ga iyakar ƙarfin ƙasar. Sai ɗakin Inna. Ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya yi ɓarna a garin nan, shekarar da aka ɗage komawa lakwal har 28 ga Oktoba, shi ya kwantar da bangon gabas na ɗakinta. Allah ya kiyaye tana waje. Tun lokacin a ɗakin ajiyar kaya take kwana, tsakanin buhuna da galma, kuma ko sau ɗaya ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi damuna fiye da a ce faɗa take yi mini. Da rani mun buga tubali, gini ya kai wurin aza rufi, saura kwano da katako da simintin shafe. Na yi wa kaina alkawari ruwan Agustan bana ba zai same ta a ɗakin kaya ba.

Ban da wannan, mu uku da abokan aiki mun shirya kos na hutu don yaran da za su shiga ajin BEPC, wato jarrabawar ƙarshen kwaleji, jika 3 kowane yaro a wata. Iyaye kusan 40 sun ba da suna. Ni na bi gida-gida na yi musu magana, ni suka sani.

Kuɗin duka daga adashe za su fito. Mu 12 ne, jika 20 kowane wata, ɗaukata ta faɗo ƙarshen watan nan, jika 240. Na raba su a takarda har ba dalar da ta yi saura.

Ana nan, sati uku da suka wuce, bayan isha'i, sai ga waya daga Gana. Wani abokina ne da muka yi Jami'ar Abdou Moumouni tare a Yamai, shekara biyu muna ɗaki ɗaya. Yanzu shekararsa 5 a Kumasi yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ya ce abokin aikinsa, wani mutumin Togo, zai koma gida ƙarshen zangon nan, shugabar makarantar ta ce ya samo mata wanda ya yarda da shi, shi kuwa ni na faɗo masa a rai. Wallahi ban taɓa neman aiki a waje ba, ko da wasa. Na tura takarduna ta WhatsApp. Bayan kwana 5 matar ta kira ni ta bidiyo, muka yi kamar minti 20, rabi da ɗan Faransancinta, rabi da Ingilishina na lise. Ta sa na yi mata darasin gaisuwa kamar ina gaban yara ƴan shekara 10, ta ce ya yi mata. Amma ta ce maganar ba a hannunta kaɗai take ba, sai mai makarantar ya dawo daga tafiya. Za su ba ni amsa kafin ƙarshen Yuli, su kuma farkon Satumba suke buɗewa. Albashin da ta ambata, in an juya shi sefa, ya kusa jika 160, da ɗaki a cikin makaranta. Ni a nan jika 100 nake karɓa, haya ta ɗauke 20.

Tun daren nan ban koma daidai ba. Waya na motsi a aljihu ina tsakiyar darasi sai gabana ya faɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son abin nan ƙwarai. Shekara 7 ina jiran matrikul, lambar da ke mai da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati, kowace shekara a ce bana ne. Akwai kuma wani abu da nake juyawa a raina. A 2025 da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa na yi murna har zuciya, shi na sha a nono. Sai dai Faransanci ya koma harshen aiki, ni kuwa shi ne jarina, nakan yi tunanin yadda kasuwarsa za ta kasance nan da shekara 10. Gana kuwa Kodebuwa da Burkina da Togo ne suka kewaye ta, duka masu Faransanci, iyaye na biyan kuɗi don ƴaƴansu su iya shi. Kuma kakan Inna falke ne, tun muna yara take ba mu labarin yadda yake kai kanwa Gwanja da jakuna ya dawo da goro. Da na ji sunan Kumasi a waya, labarin nan ne ya fara zo mini.

To ga inda na tsaya. In na zuba jika 240 ɗin a gona da rufi, amsa ta zo cewa in taho, ba kuɗin mota, ba na sabunta fasfo, ba abin da zan bar wa iyali kafin albashin farko. In na riƙe su ina jira, aka ce a'a, ko ma aka yi shiru, damina ta wuce ni, Inna ta ƙara shekara a ɗakin kaya. Iyayen yaran kos kuma, in karɓi kuɗinsu in bar su a tsakiya? Daraktanmu ma ban faɗa masa ba. Wanda ya san Kumasi, ko ya taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya, don Allah ya ce wani abu.

Ɗan Zongo:

Wa alaikumus salam Mushe. Ni mutumin Tasawa ne, shekarata 14 a Kumasi, albasar Galmi nake saukewa. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Garin ba zai yi maka baƙunta sosai ba. Ka shiga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo, Hausa za ka ji ta ko'ina, sai dai tasu ta ɗan bambanta, ba su cika raba namiji da mace a magana ba, kwana biyu kunnenka zai saba. Da safe ga koko da ƙosai, su kansu Asante "Hausa koko" suke ce masa. Da rana ga shinkafa da wake, da dare tuwon zafi. Masallaci kuwa ba ka tafiyar minti 5 ba ka samu ba. Amma makarantar da za ta biya irin kuɗin da ka faɗa da wuya a ce cikin zongo take. Yaran da za ka samu Ingilishi da Twi suke ji, iyayensu kuma masu son a yi musu bayanin ɗansu dalla-dalla ne. Don haka ko me ka yanke, hutun nan ka ba Ingilishi awa guda kullum.

Yanzu maganar da ta sa na tsaya rubutu. A ƴan shekarun nan na ga samari da yawa, namu na Nijar da na Burkina da Kodebuwa, waɗanda aka kira a waya aka ce musu ga aiki a Gana. Mai kiran ba baƙo ba ne, aboki ne, wani lokaci ma wa ne uwa ɗaya uba ɗaya. A ce ka taho da jika ɗari biyar ko shida na takardu. Yaro ya sayar da babur, uwa ta sayar da awaki. Yana isowa a karɓe kuɗin, a kai shi wani gida cike da irinsa, a ce aikin shi ne ya kira wasu su ma su kawo nasu. Shi mai kiran haka aka yi masa, neman mafita yake. Na taɓa biya wa biyu kuɗin mota zuwa gida, ɗayansu har da digiri. Ban ce abokinka haka yake ba, kuma yadda ka ce an gwada ka da darasi, ba wanda ya nemi ko dala a wurinka, alama ce mai kyau. Amma ranar da aka ce turo wani abu kafin ka zo, ko na mene ne, ka tsaya nan. Ka ba ni sunan makarantar a keɓe, in je da ƙafata ranar aiki in ga gini, in ga yara, in gaisa da abokin naka.

Sannan kada ka motsa sai takardar ɗauka ta zo a rubuce da sa hannu. Ka duba ta faɗi albashin da sidi, kuɗin Gana, ta faɗi ko ana biya a watannin hutu, ta faɗi wa zai biya kuɗin izinin aiki da katin zama na baƙi. Ka tambaye su kuma maganar lasin koyarwa, don a nan akwai hukumar da ke ba malamai shi. Mu Nijar mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ana dai shigowa ba biza, amma shiga daban, izinin aiki daban. Katin allurar shawara ma ka nemo shi tun yanzu, ana tambayarsa a iyaka.

Jika 160 ɗin nan kuma kada ka rubuta ta da biro. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Sidi kuwa hawa yake yana sauka. A 2022 farashin kaya a nan ya tashi fiye da kashi 50 cikin ɗari a shekara guda, mu ƴan albasa mu sayar da sidi, kafin mu canza zuwa sefa riba ta narke har ta taɓa uwa. A 2025 ya farfaɗo. Kai da iyalinka ke cin sefa, kowane wata sai ka bi ta hannun mai canji, ka sa wannan a lissafi.

Hanya ita ma ba kamar da ba. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Ta Burkina kuwa, wajen Tera da Dori, motocinmu kan yi kwanaki suna jiran rakiyar soja, ban ba ka shawarar ta ba. Kai da ke Maraɗi, ga Ɗan Isa ga Jibiya ga Katsina a bakin ƙofa, ka gangara Legas, ka bi Kwatano da Lome, ka shiga ta Aflawo, Akara, sannan Kumasi. Doguwa ce, iyaka huɗu. Ni ba na tashi da ƙasa da jika 70 a aljihu.

Manomin Jiratawa:

Malam, ka shuka. Ni ban san Gana ba, Yamai ma sau biyu na taɓa zuwa, amma na san kwanakin hatsi. Ɗauko kalanda ka duba. In ruwan shuka ya sauka farkon Yuni, noman fari ya faɗo kafin watan ya ƙare, maimai cikin Yuli. Ranar da matar nan ta ce za ta ba ka amsa, kai ka riga ka gama duk aikin da ke son ƙarfinka. Abin da ya rage kewaya ne da girbi, ƙanenka da ƴan gayya sun isa. Ka nemi iri mai saurin nuna, irin HKP, kwana 80 zuwa 90 ya isa yanka. In Allah ya nufa har tumu sai ka gasa kafin ka hau mota.

Taki kuma kada ka sayi buhu biyu ka watsa, asara ce a jigawa, ruwa biyu masu ƙarfi sun tafi da shi ƙasa. Sayi ɗaya na NPK 15-15-15, ka riƙa sa abin da yatsu uku suka ɗauka a kowane gurbi, ya kusa isar maka hekta guda. Ka fara da inda ƙasa ta gaji. Gindin gawo ka ƙyale shi, can ya riga ya ƙoshi. Gujiya ka rage ta bana, irinta da tsada kuma tana cin hannu wajen cira. Ka ƙara wake, iyali su ci, su sayar da harawa da rani. In tafiyar ta tabbata, hatsin nan da waken nan su za a ci a gidanka kafin kuɗinka na farko su iso.

Uwar Ƴan Biyu:

Ƙanena, na karanta har ƙarshe. Na ga gona, na ga Inna, na ga darakta, na ga iyayen yara. Maiɗakinka fa? Sau ɗaya ka ambace ta, wajen maganar haya. Ta san da zancen nan? In ta sani, ka tambaye ta abin da take so?

Ina faɗa ne don na ɗanɗana. Maigidana shekara 3 ya yi a Sabha ta Libiya yana aikin gini. Saura kwana biyu ya tashi ya gaya mini, bayan an gama shawara da abokai da ƴan'uwa. Tafiyar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Cikin Agusta ya tafi. Bai yi sati uku ba zazzaɓin sauro ya kama Husaini da tsakar dare, jiki kamar garwashi, har ya fara sanƙarewa. Ana ruwa, lungu ya cika, ba kabu-kabu, kuɗin da ya bari kuma suna hannun wansa a wata unguwa. Da goyo na taka har bakin kwalta. Allah ya tashi kafaɗun yaron, amma daren nan ban manta shi ba.

Lokacin da kake shirin tafiya shi ne ganiyar zazzaɓi a garin nan. Yaranka duka biyu ba su kai shekara 5 ba, suna cikin waɗanda ake bi gida-gida ana ba maganin rigakafi kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba, kada zagaye ɗaya ya wuce su. Ka duba gidan sauronsu, in ya yage ka sake. Abin da za ka bari ka danƙa shi a hannunta, ba a hannun kowa ba. Ka samo mata lambar ɗan kabu-kabu mai amana wanda zai fito ko ƙarfe nawa ne. Kuma ita za ta faɗi ko gidan haya za ta zauna ko ƙauye, kada a yanke mata.

Ɗakin Inna kuwa ka fitar da shi daga cikin abin da ake shawara a kai. Ka rufe shi. In ka tafi ka bar ta a ɗakin kaya, duk daren da aka yi ruwa a Kumasi ba za ka runtsa ba, can kuma an ce ruwa ba ya wuya. Ka je ka faɗa mata da bakinka tun yanzu, ta fara yi maka addu'a.

Tsohon Darakta:

Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Shekara 34 na yi cikin aikin lakwal, 11 ina darakta. Na ga malamai da yawa sunka tafi, wasu sunka dawo, kuma abin da ya raba waɗanda sunka dawo da daɗi da waɗanda sunka sha wuya shi ne yadda sunka fita.

Ka san ɗan kwantaragi ba shi da damar ajiye aiki na ɗan lokaci ya dawo ya iske wurinsa, wannan ta mai matrikul ce. In anka koma cikin Oktoba ba ka nan, an rubuta ka cikin waɗanda sunka gudu, layin da ka bi shekara 7 kuma ka fita daga cikinsa. Ka auna wannan da kyau, shi ne ainihin kuɗin tafiyar, ba na mota ba. Yanzu ba ka da abin faɗa wa daraktanka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka gama makinka, ka cika takardun sakamakon yara, in an sa ka gyaran jarrabawa ka yi shi da kyau. Amma ranar da takarda ta shigo hannunka, kada ka bari shi ji a bakin wani. Ka same shi gida, ka rubuta takardar barin aiki, ka karɓi shaidar shekarun da ka yi. Wata rana za ka neme ta.

Kos ɗin ku yi shi, amma ku karɓi kuɗi wata-wata, kuma ku ce wa iyaye Yuli da Agusta ne tabbas. Ka nemi wanda zai riƙe ajinka tun yanzu, ko ɗalibin jami'a ne da ya zo hutu.

Kumasi kuwa na san ta a bakin mahaifina. Can yake da teburinsa a kasuwa har Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar. Ina da shekara 11 ya shigo gida da akwati guda da buta, shekara 9 na nema ke nan. Abin da ya tsai da shi da ƙafafunsa gonar da ƙanensa bai bari ta mutu ba. Ban ce Gana ta yau ita ce ta jiya ba, mutanenmu na zaune lafiya, Ɗan Zongo shaida ne. Amma takardunka su zama cikakku, gona kuma kada a yi shekara ba a shuka ta ba.

Maganar Faransanci kuma ban yarda tsoro shi kore ka ba. Tun 1973 anka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, na ga yaran da sunka fito daga irin waɗannan azuzuwa, Faransancinsu bai gaza na kowa ba. Wanda ya iya koyar da harshe ɗaya ya iya koyar da wani. In za ka tafi, ka tafi don abin da ke can ya fi, ba don kana jin nan za a rasa abin yi da kai ba.

Matashin Bagalam:

Baba Darakta, ina girmama maganarka, amma layin nan da ake cewa kada a fita, ina ƙarshensa? Yayana shekararsa 11 a kwantaragi, furfura ta fara fito masa, har yau bana ne bana ne. Ni na gama jami'a, na yi bautar ƙasa shekara biyu, yanzu cajin waya nake yi a bakin tasha. Mushe, in Ɗan Zongo ya je ya ga makaranta ce ta gaskiya, takarda kuma ta zo, don Allah ka tafi. Ko shekara biyu ka yi ka dawo da Ingilishi a bakinka, makarantun kuɗi na garin nan da na Katsina su za su riƙa nemanka. Ajin kos ɗin kuma in ba ka samu kowa ba, ni na karanta adabi, zan riƙe maka.

Mushen Faransanci:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi kwana 9 ban ce komai ba don ina so in dawo da abin da na aikata, ba abin da nake tunani ba.

Yaya Uwar Ƴan Biyu, maganarki ta same ni inda ya kamata. Maiɗakina ta san an yi waya, tana zaune aka yi, amma ban taɓa zama na tambaye ta ba. Daren da na karanta na yi. Ashe ta riga ni lissafi. Ta ce in tafiyar ta tabbata ita gari za ta zauna, don awarar da take soyawa a ƙofar gida tana kawo mata na cefane, babbar kuma za ta shiga lakwal ɗin yara. Ta ce cikin jajayen awakinta biyu da ke ƙauye a sayar da ɗaya a ƙara a kuɗin mota. Na ce a bari tukuna. Abu ɗaya ta roƙa, kada in wuce shekara ban zo ba.

Adashe ya fito. Na sa jika 110 a rufi, 40 a gona, buhun taki ɗaya da iri da ƴan ƙwadagon noman fari, kamar yadda Manomin Jiratawa ya ce. Saura 90 na ba maiɗakina ta ɓoye, ba mai taɓa su sai ƙarshen Yuli. In tafiya ce, da abin da kos zai kawo sun isa fasfo da mota. In ba ita ba ce, su koma simintin shafe da buhun masara.

Inna na same ta ranar Lahadi tana sussukar ragowar hatsin bara. Na faɗa mata duka. Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta tambaye ni ko akwai masallaci kusa da inda zan zauna. Na ce an ce akwai. Ta ce to Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ci gaba da aikinta.

Daren Alhamis an yi ruwa mai kyau ta wajenmu, ƙasa ta jiƙa fiye da tsawon hannu. Juma'a bayan masallaci da wunin Asabar muka shuka, ni da ƙanena da yaransa, saura ɗan gefen gujiya. Baba Darakta, na riƙe maganarka, ban ce wa kowa komai ba a wurin aiki, iyayen yara kuma mun sanar da su wata-wata za a biya. Matashin Bagalam, ka zo mu gana ranar Talata da la'asar, in nuna maka abin da muka tsara.

Na tura wa shugabar makarantar tambayoyin Ɗan Zongo. Ta amsa biyu: ana biya a hutu, ɗakin kuma ba a cire kuɗinsa daga albashi. Na izinin aiki ta ce sai mai makarantar ya dawo. Ɗan Zongo, sunan yana wurinka tun shekaranjiya, ina sauraronka. Kafinta zai aza kwano ranar Laraba in ba a yi ruwa ba. Wanda kuma yake da littafin koyon Ingilishi da ba ya amfani da shi a cikin garin nan, ya ara mini zuwa ƙarshen Agusta, zan zo in karɓa.